Godiya ga masu shagon taya na Agege da suka hana ni sayen abin da na je saye

Assalamu alaikum.

Alhaji, ranka ya daɗe, wannan wasiƙa taka ce da yaran shagonka, musamman saurayin nan mai faci da ya kwanta a ƙarƙashin motata da tocila a baki har rigarsa ta yi baƙi. Ka ce ba ka son a yi maka talla da abin da ka yi domin Allah, shi ya sa ban rubuta sunan shagon ba. Amma duk ɗan Agege da ya saba bi ta wajen gadar Pen Cinema zai gane wurin da nake nufi.

Motar da nake magana a kanta Fiat Ducato ce da aka mayar da bayanta ɗaki: akwai gado, da ɗan wurin girki, da banɗaki, da tankin ruwa. Yayana, Allah ya jiƙansa, shi ya shigo da ita daga Jamus. Yaran unguwa suna kiranta tafi-da-gidanka, sunan da muka laƙaba wa wayar salula alhali wannan motar ta fi cancanta da shi. Bayan rasuwarsa ta yi shekaru a tsakar gida, sai dai a tayar da injin lokaci zuwa lokaci, gefenta ɗaya na shan rana, ɗayan na jikin katanga. Da bikin jikar Hajiya, tsohuwarmu, ya taso a Katsina, ga ciwon baya ya hana Hajiyar zaman doguwar mota, ga shi ta rantse ba za ta hau jirgi ba, sai na ce to ga ranar wannan mota ta zo.

Na gyara inji, na sake batir, na duba tayoyi na ga zanensu cike kamar jiya aka sa su. Guda ɗaya ce kawai ke sace iska. A wata kasuwar kayan mota wani ya nuna mini tokumbo guda biyu, wato tayoyin da aka yi amfani da su a ƙasar waje, an goge su da mai suna ƙyalli, girmansu daidai da nawa, kuɗinsu kuma mai sauƙi. Na ce ya ajiye mini. Abin da ya kawo ni wurinku shi ne a yi wa mai yoyon faci, a kuma gaya mini nawa za a ɗaura mini waɗancan biyun. Iyakarta ke nan.

Yaron naka bai taɓa jak ba tukuna, sai ya zagaya motar, ya durƙusa, ya shige ƙarƙashi. Can ya leƙo ya ce, "Baba, don Allah sunkuyo ka gani." Ya haska mini wani rubutu a gefen taya ta ciki, wanda ya fara da DOT, ya ɗora yatsa a kan lambobi huɗun ƙarshe: 1413. Ya ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato an yi tayar a mako na 14 na shekarar 2013. Sau da yawa a gefe ɗaya kawai ake buga cikakkiyar lambar, shi ya sa ya shiga ƙarƙashi. Sannan ya fito ya kai ni ɓangaren da ya sha rana, ya danna kumatun tayar da babban yatsa. Wallahi sai ga tsaga ƙanana sun buɗe baki, jere a jere, kamar fason ƙafa a tsakiyar hunturu. Tsaye nake kallon tayar nan kullum, ban taɓa ganinsu ba.

A nan ka taso daga benci, Alhaji, ka ce a kawo mini kujera. Ka ce mini tayar irin wannan mota ba suɗewa ke kashe ta ba, tsufa ne. Ɗanfo, bas ɗin haya, da ke zirga-zirga tsakanin Agege da Oshodi zai cinye zanen tayarsa tun robar na da ƙuruciya. Ita kuwa wannan zama take yi da nauyi a kanta, rana da iska na busar da robar. Ka ƙara da abin da ban taɓa ji ba: masu yin taya na cuɗa wani sinadari a cikin roba mai kare ta daga tsagewa, kuma mirginawa a kan titi ce ke taimaka masa ya riƙa fitowa sama. Tayar da ke tsaye wuri ɗaya ba ta samun wannan. Ka tuna mini cewa hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC na cewa wa'adin taya shekara 4 ne daga ranar da aka yi ta, kamfanin Michelin kuma na ba da shawarar a riƙa kai taya wurin gwani duk shekara da zarar ta yi 5 tana aiki, kada kuma ta wuce 10 ko da zanenta na nan. Ko da wanne aka auna, nawa sun daɗe da wuce gona da iri.

Da na ba ka labarin tokumbon da aka ajiye mini, ba ka zagi kowa ba, sai ka tambayi lambar da ke bayan girman. Na nuna maka hoto a waya: 225/75 R16, sai 104. Ka ce wannan tayar jif ce, 104 na nufin kilo 900 kowace ɗaya. Waɗanda ke jikin motata 116 ne, kilo 1,250, kuma da haruffan CP a jiki, alamar an yi su ne musamman don motocin kwana masu nauyi da yawan zama. Ka ɗauki biro ka yi mini lissafi a bayan rasit: biyu na baya za su sauko daga 2,500 zuwa 1,800, alhali a baya nauyin yake. Kowace lita ta ruwa kilo guda ce, ga tukunyar gas, ga akwatunan biki, ga buhunan goron da ka san ɗan Agege ba ya zuwa gida babu su. Jikina ya yi sanyi. Na hango Hajiya a kwance a kan gadon da ke daidai saman waɗannan tayoyi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya biyo baya. Kana da tayoyi huɗu masu girman nawa a cikin shago, ba a taɓa ɗaura su ba, da takarda a jikinsu. Da ka miƙo mini su da na biya ina godiya. Kai da kanka ka juya ɗaya ka nuna mini lambarta, ka ce sun kwana biyu a ajiye, ba za ka sa wa mai tafiya Katsina da tsohuwa ba. Ka ce masu CP ba su samu a hannunka ba, amma za ka nemo masu harafin C na motocin kaya, 121/120, waɗanda kowace ke ɗaukar kilo 1,450. Na jira kwana uku. Da suka iso ka ce in karanta lambar da kaina kafin a kwance ko noti ɗaya, na karanta, ba su kai wata shida da fitowa ba.

Muna jiran aiki ne hira ta kai mu ga Dunlop na Ikeja da Michelin na Fatakwal, waɗanda suka daina yin taya a ƙasar nan wajen 2007 da 2008. Tun daga nan muka dogara da na waje, na kirki da na banza. An hana shigo da tsofaffin tayoyi, amma ga su nan ko'ina, wasu ma cusa su ake yi cikin juna don a rage kuɗin dako, su iso wayar cikinsu ta riga ta lanƙwashe. Wannan dai kukan wata rana ne.

Sauran aikin an yi shi cikin natsuwa. Yaron ya cire bawul ɗin roba ya sa na ƙarfe, ya ce iskar da tayoyin baya ke sha ta fi ƙarfin na roba. An yi balansin. An sauko da safaya, ashe sa'ar sauran ce, aka sake ta ita ma, duk da na so in yi mata rowa. Ka rubuta mini adadin iskar gaba da baya a takarda, ka ce in auna da sassafe kafin mota ta motsa, kada kuma wani mai faci a hanya ya rage mini don ya ga geji ya hau, zafi ne ke ɗaga shi.

Maganarka kuwa ta fito a Mokwa. Mun tsaya sallar azahar bayan mun haye gadar Jebba, wani ya sa geji ya ce iska ta yi yawa, bari ya sassauta. Na ce a'a, an gaya mini. Washegari da asuba na auna, ta koma daidai da abin da ke takardarka. Mun je, an ɗaura aure, mun dawo, ko faci ba mu yi ba.

Hajiya ta ce in gaishe ka, ta kuma ba da kilishi a kai wa "yaron nan mai tocila". Yana mota. Zan kawo shi ranar Asabar in Allah ya kai mu, domin yanzu duk mako biyu nake fito da motar ta ɗan zaga kamar yadda ka ce, kuma na sayi tamfol na rufe ɓangaren rana. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya saka wa iyaye da alheri.

Naka,
wani mai sayar da goro a Agege, Legas