Baba Fasto, zuciyata ta rabu biyu

Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ba na bari shirinka na rediyo ya wuce ni, shi ya sa na kawo maka kukana, don a gida ba ni da wanda zan faɗa wa.

Lahadin da ta wuce na mari facalata a harabar majami'a, ana tashi daga sujada, da zanen Zumuntar Mata a jikina. Ni da aka yi wa baftisma tun ina budurwa a Kaltungo, ni da nake ba da waƙa mata suna amsawa. In na tuna yadda ɗankwalinta ya faɗi cikin ƙura, kowa ya yi tsit, sai jikina ya mutu.

Amma Baba, ba haka kawai na ɗaga hannu ba. Gida ɗaya muke a Tumfure, mijina ne babba. Ni na koya mata saron wake a Tudun Hatsi, ni na nuna mata yadda ake cusa hannu cikin buhu a gane wanda ƙwaro ya fara ci. Da ta haihu, ni na yi mata wankan jego. Sakayyata ita ce ta miƙe gaban mata ta ce na ci kuɗin adashi. Gaskiya ne na taɓa naira 30,000 na biya wa ɗana kuɗin makaranta, amma aro ne, da niyyar in mayar kafin ranar kwasa. Me ya hana ta same ni a ɗaki? Dama tun da aka kawo ta take neman ganin bayana, bakinta ba linzami.

Ba ma marin ne ya hana ni barci ba. Ranar Laraba ɗanta ya kwanta da zazzaɓi, aka wuce da shi asibiti. Ina tsaye bakin murhu na ji labarin, sai na ji wani sanyi a raina, wani abu a ciki ya ce, Allah ya ƙara. Yaron da na goya a bayana! Na saki ludayi na shiga ɗaki na durƙusa ina kuka. Na tashi na dama kunu zan kai musu, na isa ƙofarta, da na ji muryarta sai na juyo da shi.

Na karanta Romawa 7, inda Manzo Bulus ya ce nagartar da yake so ba ita yake yi ba, sai muguntar da ba ya so. Kamar ni ya gani. Galatiyawa 5 kuma ta ce halin mutuntaka da Ruhu gāba suke da juna, ta sa fushi da kishi a layi ɗaya da maye da fasikanci, abubuwan da nake ƙyamar masu yinsu. Na yi azumin kwana 3. Da safe in yafe mata, kafin yamma na ga ina tsara baƙar maganar da zan yaɓa mata. Shin Ruhu Mai Tsarki ya bar ni ne? Ko dama ban taɓa samun sabuwar haihuwa ba, waƙa kawai nake yi?

Lahadi mai zuwa akwai Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo a majami'a don tunawa da mutuwar Almasihu. Na san Matiyu 5 ta ce mutum ya bar baikonsa ya je ya fara shiryawa da ɗan'uwansa. In na ƙi ci, mata za su ce lallai na ci kuɗin. In na ci da wannan zuciya, ina tsoron hukunci. Dattawa ba su kira ni ba tukuna, mijina kuma ya daina yi mini magana. To Baba, ni ce zan fara ba ta haƙuri alhali ita ta fara tozarta ni? In na durƙusa mata, ai har abada ba za ta ƙara ganin girmana ba.

Don Allah kada a ambaci unguwarmu a rediyo.

'Yarka cikin Ubangiji, daga Gombe.