Naman kaza mai haƙora: ba duka ake ci ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili in yi magana kan wani bidiyo da ke yawo a WhatsApp tun shigowar damina, wai duk naman kazan da ka kifa hularsa ka ga haƙora to ba shi da guba, ka soya abinka kawai.

Haƙoran dai akwai su da gaske. Yawancin naman kaza in ka duba ƙasan hular siraran layi-layi za ka gani, wasu ƙananan ramuka, amma akwai dangin da ke da tsinkaye masu laushi a rataye kamar ƙayar bushiya. Wanda Turawa ke ci, Hydnum repandum, a ƙasa yake fitowa a dazukan Turai, hularsa ruwan madara zuwa ruwan goro kaɗan. Hericium erinaceus kuwa fari ne fat, ko hula ba shi da ita, dogayen tsinkaye ne manne a jikin itace, a Chana har nomansa ake yi. To Hydnellum peckii fa? shi ma da haƙoransa, yana sabo jan ruwa yake tsattsafowa a jikinsa, ga ɗaci ga yaji, sam ba ya ciyuwa. Kuma duk wannan ilimin dazukan ƙasashen waje ne, mai bidiyon ya kwaso ya liƙa wa namu.

Abin da ke ban tsoro yaro in ya shiga daji bai samu mai haƙora ba wallahi ba zai dawo hannu rabbana ba, lemar kwaɗi zai tsinko, ga irin wanda ke fitowa a ciyawar gidaje fari ƙato mai kyan gani, in ya tsufa ƙasan hularsa ya koma kore-kore, amai da gudawa yake sa wa. Wasu daga dangin naman kazan da ake kira Amanita kuma sai bayan awa 6 zuwa 24 ciwon ke tashi, lokacin gubar ta kama hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Cewa wai in tsutsa ta ci to mutum ma zai ci, ƙarya ce.

Mutanenmu na Kafanchan da Kagoro masu tsinko na suri, a wajen iyaye suka koya ido da ido, shi ya sa nake yarda da nasu. Ina roƙon jaridarku ta nemo malamin tsirrai daga ABU Zariya ya yi mana bayani da hotunan irin namu na nan kafin ruwa ya ɗauke.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna