Rahoton Sakatare Kan Ayyukan Shekara: Horo, Bita da Halin da Asusunmu ke Ciki

Assalamu alaikum. Shugaba, dattawan ƙungiya, 'yan kwamitin zartarwa da sauran 'yan uwa mambobi maza da mata.

Ga rahoton ƙungiyarmu ta 'yan sa kai masu kashe gobara na shekarar da ta ƙare, kamar yadda tsarin mulkinmu ya ɗora wa ofishin sakatare. Na fi ba da ƙarfi a kan horo, domin a nan kuɗinmu suka fi tafiya, a nan kuma aka fi yi mana ƙorafi. Alƙaluman shiga da fita suna cikin rahoton Ma'aji, ba zan maimaita su ba.

Tarurrukan wata-wata an yi su, in ban da ɗaya da aka ɗage saboda mahalarta ba su kai adadin da doka ta ce ba. Bayanansu na cikin littafin ƙungiya ga mai son dubawa.

Abin da za mu ɗaga kai mu yi alfahari da shi a bana shi ne taron bita na kwana uku. Tun da aka kafa wannan ƙungiya ba mu taɓa shirya irinsa ba. Jami'an hukumar kashe gobara sun zo da kansu suka koyar, muka samu ma'aikaciyar jinya da injiniyan lantarki, dukansu ba su karɓi ko sisi ba. Ƙungiyoyin sa kai da muke maƙwabtaka da su sun turo mutanensu, har sai da aka ƙaro kujeru. Wanda bai zo ba ya yi asara, don haka zan ɗan tsawaita a nan ko ya tsinci wani abu.

Ranar farko an yi ta ne a kan halin wuta. Kowa a cikinmu ya haddace cewa wuta ba ta ci sai da zafi, da iska, da abin ƙonawa. Abin da ya girgiza mutane shi ne saurinta a gidajen yanzu. Malamin ya nuna mana gwajin da cibiyar UL ta Amurka, mai gwajin amincin kayayyaki, ta yi, inda aka cinna wa ɗakuna biyu wuta. Na farko mai kayan da ne, katako da auduga, sai da ya ɗauki kusan minti 30 kafin ɗakin ya kama gaba ɗaya. Na biyu mai kayan zamani ne, soso da roba, bai kai minti 5 ba. Ke nan lokacin da magabatanmu suke da shi na ɗaura mesa da yin shawara, mu ba mu da shi. Ya yi bayanin yadda hayaƙi mai zafi ke taruwa a rufi har ya doshi digiri 600, sai komai na ɗakin ya kama a lokaci guda. Ya ce baƙin hayaƙin nan mai kauri shi kansa makamashi ne da bai gama ƙonewa ba, iska kawai yake jira. Saboda haka al'adar nan ta fasa taga da ɓalle ƙofa da zarar an iso, tun ruwa bai shirya ba, ciyar da wutar ne. An yi muhawara mai zafi a kan wannan, domin wasu daga cikin manyanmu sun shekara da shekaru suna yin haka. Na ji daɗin yadda ɗaya daga cikin dattawanmu ya miƙe ya ce ya gamsu, kuma shi da kansa zai riƙa tunatar da matasa su riƙe ƙofa a rufe har sai mai riƙe da bakin mesa ya ce a buɗe.

Rana ta biyu a fili aka yi ta, kuma ita ce mutane suka fi magana a kanta har yau. Kowane mahalarci sai da ya riƙe tukunyar kashe gobara da hannunsa, ya zare fil, ya saita gindin wutar, ya matsa, ya share hagu da dama. An bambance mana mai ruwa da mai kumfa da mai hoda da mai iskar kabon, da irin wutar da kowace take kashewa. Sai aka zo gwajin man girki. Aka tafasa mai har ya kama, jami'i sanye da cikakken kaya ya zuba ɗan ruwa daga nesa da dogon sanda, wuta ta yi sama ta wuce tsayin mutum biyu. Lita ɗaya ta ruwa idan ta koma tururi tana cika wajen lita 1,700, ita ce ke watsa man da ke ci zuwa ko'ina. Daga nan aka nuna yadda murfi ko bargon kashe wuta ke gamawa da ita cikin natsuwa. A kan tukunyar gas an jaddada abu biyu: gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya bi rami da magudana, sannan ba a kashe harshen wutar da ke fita daga tukunya matuƙar ba a iya rufe kanta ba, domin gas ɗin zai ci gaba da fita ba a gani.

Injiniyan lantarki ya kawo abin da babu shi a tsofaffin takardunmu. Farantan sola suna ci gaba da ba da wutar lantarki muddin akwai hasken rana, ko da an kashe babban makunnin gida. Batirin litiyam kuwa, na waya ne ko na babur ko na inbata, idan ya fara zafi daga ciki yakan ciyar da kansa, kuma yana iya sake kamawa sa'o'i bayan an ɗauka ya mutu. Ruwa mai yawa yake so don sanyaya shi, da sa ido na dogon lokaci. Tambayoyi sun yi yawa har lokacin ya ƙare ba a gama ba, kuma ya yi alƙawarin dawowa idan muka gayyace shi.

Da yamma aka shiga na'urar numfashi. An rufe wa mutane fuska, suka rarrafa bibbiyu suna bin mesa da hannu har suka fita. A nan da yawa suka gane cewa tukunyar iskar numfashi da aka cika zuwa bar 300 (bar ma'aunin matsin iska ne), wadda a takarda ake cewa tana kai rabin awa ko fiye, ba ta kai haka ga mai haki da fargaba. Usur ɗinta yana busawa ne idan ta sauko wajen bar 50, kuma wanda ya jira usur kafin ya juya ya makara. Ƙa'idar ita ce biyu a ciki, biyu a waje cikin shiri, kuma ba wanda zai shiga ba a rubuta sunansa da lokacin shigarsa ba.

Rana ta uku ta taimakon gaggawa ce. Danna ƙirji sau 30, hura numfashi sau 2, a yi dannawa 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Kowa ya gwada a jikin mutum-mutumin roba har hannunsa ya gaji. Ƙuna kuma ruwan sanyi mai gudu ake sa mata na minti 20, ba ƙanƙara ba, ba mai ba, ba man goge baki ba. Malamar ta tsaya sosai a kan lafiyarmu mu kanmu. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ko launi, kuma tana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da ɗoriya, shi ya sa cire abin rufe fuska da zarar harshen wuta ya kwanta ganganci ne. Ta kuma tuna mana cewa a 2022 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin kashe gobara a rukunin farko na abubuwan da ke jawo cutar daji. Masu ganin riga mai baƙin toka alama ce ta jarumta su ji wannan da kyau. A wanke kaya bayan kowace fita, a yi wanka da wuri, kada a ajiye su a ɗakin da iyali ke kwana.

Amfanin bitar bai daɗe ba ya bayyana. A wata gobarar ɗakin girki da aka kira mu bayan taron, wata matashiya cikin sababbin mambobi ce ta fara isa. Ta fitar da mutanen gidan, ta rufe kan gas, ta ja ƙofa, ta hana 'yan taimako watsa ruwa har motar kwana-kwana ta iso. Ɗaki ɗaya kawai ya taɓu. Kwamiti ya yanke a karrama ta a babban taro, kuma ta cancanta.

Yanzu sai abubuwan da ba su yiwu ba, waɗanda na san su ne wasu suke jira.

Atisayen wuta ta gaske a cikin gini, wanda muka yi alƙawari a bara, ba a yi shi ba. Na ji ana cewa kwamiti ne ya ji tsoro. Gaskiyar magana ita ce an samu ginin, an samu izini, amma sharuɗɗan ba su cika ba. Ƙa'idar da malamanmu suke bi, NFPA 1403 ta ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, ta fito ne a 1986 bayan 'yan kwana-kwana biyu sun mutu a wajen atisaye a garin Boulder na Amurka a 1982. Tana buƙatar jami'in tsaro wanda ba shi da wani aiki sai sa ido, da hanyar ruwa ta biyu wadda ba ta dogara da ta farko ba, kuma kada ɗalibai su wuce biyar ga malami ɗaya. Wasu daga cikin tukwanen numfashinmu kuma lokacin gwajin ƙarfinsu ya wuce, kuma babu kuɗin kai su. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ba za mu tura ɗan wani cikin wuta da tukunyar da ba a gwada ba don kawai a ce mun cika alƙawari, kuma ina tare da Jami'in Horo a kan wannan matsaya ɗari bisa ɗari.

Ɗakin karatu da ajiyar kayan horo yana nan inda ya tsaya, an yi rufi, babu ƙofa babu wayarin. Kuɗin da aka ware masa ne aka karkatar zuwa taron bita, da amincewar taron wata, kuma yana rubuce. Waɗanda ke tambaya a dandalin WhatsApp ina kuɗin gini suka shiga, da sun halarci wannan zaman da sun ji da kunnensu. Haka nan mutum biyu da muka zaɓa su je babban taron ƙara wa juna sani ba su samu tafiya ba. Lokacin rajista ya rufe muna jiran gudummawar da aka yi alƙawari a bainar jama'a, wadda har yau ba ta shigo ba.

Duk waɗannan tushensu ɗaya ne. Waɗanda suka biya kuɗin wata-wata cikakke ba su kai rabin sunayen da ke rajista ba. Ma'aji ya bi mutane da waya, na bi da saƙo, an yi sanarwa a kowane zama. Wani ya ce sai ƙarshen wata, wani ya daina ɗaga waya, wani kuma ya ce ai shi ransa yake bayarwa, don me zai ba da kuɗi. Ga mai wannan magana ina cewa ya dubi ƙasar Chile. 'Yan kwana-kwananta 'yan sa kai ne tun daga rundunar farko da aka kafa a Valparaiso a 1851, ba su da albashi, kuma su ne ke biyan kuɗin ƙungiya daga aljihunsu. Wanda yake cikin matsi na gaske ya zo ya faɗa wa Shugaba a asirce, tsarin mulki ya ba da damar ɗage masa, kuma an ɗage wa wasu ba tare da kowa ya ji ba. Abin da ke ci mini rai shi ne mai hali da ya yi shiru, sannan ranar rabon riguna ya riga kowa zuwa.

Halartar atisayen mako ma haka take. Fuskokin nan dai su ne kullum, kuma su ne ke biyan kuɗi, su ne ke wanke mesa su naɗe. Akwai waɗanda suka zo ranar ƙarshe ta bita kawai, suka shiga hoto, suka nemi takardar shaida. Ba a ba su ba, kuma ba za a ba su ba. A Jamus, inda 'yan sa kai suka kai wajen miliyan ɗaya, ƙa'idarsu ta ce bayan horon farko kowa ya yi aƙalla awa 40 na ƙarin horo a kowace shekara. Mu ba mu nemi haka ba, amma hannun da ya yi wata shida bai haɗa bakin mesa ba zai yi lalube a cikin duhu, kuma abokin da ke bayansa ne zai ɗanɗana. Ranar 4 ga Mayu da muke tunawa da 'yan kwana-kwanan duniya ta samo asali ne daga 'yan sa kai biyar da wutar daji ta rutsa da su a Linton ta ƙasar Ostareliya a watan Disamba 1998, lokacin da iska ta juya ba zato. Bayan wannan rashi ne hukumarsu ta wajabta mafi ƙarancin horon da kowa zai samu kafin a bar shi ya fita aiki. Mutane ne irinmu, masu sana'o'insu da iyalansu.

Saboda haka kwamiti zai gabatar da shawarwari a babban taro domin a kaɗa ƙuri'a. Wanda bai halarci rabin atisayen shekara ba, ba zai shiga cikin gini ba a ranar gobara, zai tsaya a aikin waje har sai Jami'in Horo ya sake gwada shi. Wanda bashinsa ya wuce wata shida ba tare da uzuri ba, za a dakatar da ƙuri'arsa, ya kuma dawo da hular kwano da rigar ƙungiya, domin akwai sababbin da ke atisaye ba kaya. Kuɗin farko da ya shigo kuma gwajin tukwane za a fara da shi, kafin ƙofa, kafin komai.

Muna godiya ga malaman da suka ba mu lokacinsu, da mai filin da ya ba mu aro, da 'yan uwan da suka kwana suna shirya wuri. Allah ya saka da alheri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Ma'aji zai zauna da littafin rasit awa ɗaya kafin a buɗe babban taro, kuma sunayen da ba su daidaita ba zuwa lokacin za a karanta su a zauren.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya