Wasiƙa Zuwa ga Abokan Cinikinmu Kan Sabuwar Hanyar Cire Tawada

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwanmu masu sayen kwali da takardar naɗe kaya a wurinmu, da ku masu kawo mana tsohuwar takarda, bayan gaisuwa da fatan alheri, muna sanar da ku cewa mun sauya hanyar da muke bi wajen cire tawada daga tsohuwar takarda kafin mu sake sarrafa ta.

A da, idan muka jiƙa takarda muka dama ta har ta koma kamar kunu, sodar da ake yin sabulu da ita muke zubawa, domin zaruruwan takardar su kumbura tawada ta saki, sannan mu hura iska a cikin tanki, kumfa ya ɗauko tawadar zuwa sama mu kwashe. Wannan hanya tana da illoli biyu da muka daɗe muna fama da su. Soda tana sa takardar jarida ta yi ɗorawa-ɗorawa, kuma ruwan da ke fita bayan aiki yana da kaifin da ba ma so ya gangara zuwa Kogin Rima, inda manoman fadama ke ban ruwan albasa da shinkafa. Ga kuma takardar hoto-kwafi, wadda ita ce mafi yawan abin da muke samu daga shagunan da ke kusa da Jami'ar Usmanu Danfodiyo: baƙinta garin roba ne da zafin inji ya narkar ya manne wa takarda, shi ya sa soda ba ta cika ɓamɓare shi ba, sai ya fito ɗigo-ɗigo a jikin kwali.

Yanzu inzayim muke amfani da shi. Sunan ne baƙo, amma aikinsa duk matar da ke dama kunun zaƙi ta san shi, domin inzayim ɗin da ke cikin dankali ko tsiron shinkafa shi ne ke tsinka kunun ya kuma sa shi zaƙi. Wanda muke zubawa ana kiransa selules, daga wasu nau'o'in fumfuna ake samo shi, kuma abin da yake yi shi ne ya ɗan ci saman zaren takarda daidai inda tawada ta kama, ta yadda za ta rabu da zaren, kumfa ya tafi da ita. Yana buƙatar ruwa mai ɗumi, wajen digiri 45 zuwa 50, ba mai tafasa ba, kuma soda mai yawa tana kashe ƙarfinsa.

Wajibi ne mu nemi afuwar waɗanda suka karɓi kwalin da ya yi laushi a farkon gwajinmu. Laifin namu ne, domin mun zuba inzayim fiye da ƙima, kuma mun bar shi ya daɗe a tanki har ya wuce tawada ya shiga cin zaren kansa. Mun gyara ma'auni, kuma duk wanda yake da ragowar wancan kaya ya dawo da shi a musanya masa ba tare da ƙarin ko kwabo ba.

Ga masu kawo mana takarda, muna roƙon ku ware ta hoto-kwafi daban da jarida, ku cire leda da ƙusar maƙala takardu. Kada kuma a jibge jarida a rana tsawon watanni, musamman a bazara lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, saboda tawadar jarida tana ƙara kama zare idan ta tsufa a cikin zafi, kuma mu kanmu saboda wannan zafin ne muke ajiye inzayim ɗin a wuri mai sanyi. Takardar da ke ɗauke da ayoyin Alƙur'ani ko sunan Allah kuwa, ba ma sa ta a tanki ko kaɗan, don haka a taimaka a tsame ta tun daga gida.

Farashinmu yana nan yadda kuka san shi, sai dai kayan da aka yi oda za su iya ƙara kwana ɗaya ko biyu kafin ma'aikatanmu su gama sabawa da sabon tsarin.

Wassalam.

Naku,
Manaja, a madadin dukkan ma'aikata,
Sakkwato.