Rahoton Ayyukan Shekara: Magudanar Ruwan Rumawa ta Birnin Nim

'Yan uwa mambobi, barkanmu da ganin ƙarshen shekara.

Yawancin aikinmu na bana ya tafi ne kan magudanar da Rumawa suka gina a tsakiyar ƙarni na 1 miladiyya, wadda ke ɗauko ruwa daga maɓuɓɓugar Eure kusa da Uzes zuwa Nim a kudancin Faransa. Tsawonta kusan kilomita 50 ne, amma gangararta gaba ɗaya ba ta kai mita 13 ba. Magina sun ƙara mata gangara kafin gadar Pont du Gard, wadda ke tsallakar da ruwan bisa kogin Gardon, domin kada gadar ta zarce tsayin da za a iya ginawa, ga shi ma ta kai kusan mita 49. Bayan gadar kuwa akwai inda ruwan ke sauka santimita 7 kacal a kilomita guda. Don haka kwamitin awo ya daina karɓar lebur ɗin da aka ɗauka a kan daskararriyar farar ƙasar da ruwa ya bari a cikin magudanar. Sai an kai ga shafen Rumawa na asali.

Wannan farar ƙasa ta fi cin lokacinmu, kuma ta cancanta. Ruwan Eure yana da alli, sai ya riƙa barin ɓawo a bango kamar na cikin butar shayi, har ya kai santimita 40 zuwa 50 a wasu wurare, ya matse hanyar da faɗinta mita 1.2 ne. Ɓawon da ke ƙarƙashi fari ne mai tauri, alamar ana kula da magudanar. Na sama ja-ja ne, mai laka, na lokacin da aka saki gyara, manoma kuma suna huda bango suna jan ruwa zuwa gonaki.

A wajen sharar daji, a yanke itace a gindi, kada a tumɓuke, domin saiwa tana fitowa da shafen. Kada kuma a toshe tsaga da siminti: yana riƙe danshi, dutsen ya rududduge. Kwaɓin farar ƙasa da yashi ake so.

Mun kuma kai ɗalibai tafkin rabon ruwa na cikin Nim, wanda aka gano a 1844, suka ga ramuka 10 da bututun dalma ke fita zuwa unguwanni.

Baɗi za mu koma ramukan ƙarƙashin dutse da magudanar ta ratsa a ƙauyen Sernhac. Mai son shiga kwamitin awo ya sanar da sakatare.