Zuwa ga mutumina na Jidda, kan maganar ƙaninka da manhajojin tambayoyi

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Jidda, ya zafi, ya haƙuri da kewar gida? Nan kowa lafiya lau. Hajiya tana gaishe ka, ta ce dabinon da ka aiko ya iso amma jikoki sun gama da shi kafin ta ɗibar wa maƙwabta.

Na saurari saƙon muryarka tun ranar Talata, minti tara wallahi, ku dai Zage-zagi ba ku iya taƙaita zance ba. Abin da na tsinta a ciki shi ne ƙaninka ya takura maka ka turo masa kuɗin sabuwar waya, wai ya ga linkin da na sa a sitatus zai riƙa amsa tambayoyi yana kwasar dala daga kan katifa. To laifina ne, kuma tuni na goge linkin. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka a tsanake tunda yau kasuwa shiru, sabis ɗin banki ya ɗauke tun safe ba cira ba turawa.

Ka san bayan na gama bautar ƙasa a shagon POS ɗin Yaya nake zama. Lokacin wasan kirifton nan na Hamster a 2024 har da ni aka yi ta dangwale waya dare da rana, da aka zo rabo a watan Satumba abin da ya faɗo min ko kuɗin cajin da na kashe bai kai ba, ƙura kawai kamar yadda yara suke faɗa. Ina cikin wannan takaicin wani yaro mai cajin waya kusa da mu ya ce ai akwai wata harka da ba jiran rabo, tambaya za a yi maka ka amsa a biya ka nan take. Da ya faɗi sunan abin da turanci, wato survey, na ɗauka safiyon filaye yake nufi, har na ce ni ina na ga fili.

Kuma fa ba ƙarya ya yi ba, ana biya. Wannan nake so ka fara riƙewa don kar ka je ka ce wa yaron duk damfara ce ya ga kamar ba ka san komai ba. Kamfanin sabulu ko na lemo ko banki ko masu layin waya suna so su san me mutane ke so kafin su zuba kuɗi a talla, sai su biya masu binciken kasuwa irin su Ipsos da YouGov, su kuma wani lokacin nasu mutanen suke tambaya wani lokacin sai su bi ta hannun dillalai, dillalan su watso tambayoyin cikin manhajoji. Kowa ya gutsiri nasa a hanya, abin da ya rage a ƙasan tukunya shi ke isowa gare ka.

Kana buɗe akawun za su fara tatsarka, shekarunka nawa, wace jiha, kana da aure, yara nawa, nawa ke shigo maka a wata, wa ke cefane a gidanku. Daga nan sai jira. In tambaya ta shigo za ka ga an rubuta minti 10 ko 15 da ɗan makin da za a ba ka, ka shiga da murna ka yi minti biyar kana amsawa, sai kawai allo ya canza a ce yi haƙuri ba irinka ake nema ba, ko a ce adadin da ake so ya cika. Wannan ne ya fi ƙona min rai, sun riga sun karɓi amsoshina kuma ko sisi. A cikin goma da kyar nake kai ƙarshen biyu. Daga baya na gane dalili, mai biyan kuɗin yana neman wanda zai sayi kayansa ne, mai mota, mai shiga jirgi, mai inshora, wanda ke yanke shawarar sayayya a ofis. Ra'ayin saurayi mara albashi da ke zaune a shagon yayansa a Kano ba shi da tsada a wannan kasuwar, shi ya sa waɗanda kake gani a YouTube suna nuna dalolin da suka tara yawanci a Amurka ko Ingila suke, wasu kuma da linkin gayyata suke ci, kai ka yi rajista su a ba su lada. Ni ma abin da ya sa na sa nawa a sitatus ke nan, ba sai na ɓoye maka ba.

Sai maganar cire kuɗi, nan ma wani aikin ne. Yawancinsu sai ka tara wani adadi, wadda na fi daɗewa a kai dala 5 ce, kuma sati bakwai na yi kafin na kai. Da yawa ta PayPal suke biya, shi kuma tun da ya shigo Najeriya a 2014 an shafe shekaru akawun ɗinmu na turawa ne kawai ba ya karɓa, shi ya sa 'yan harkar suka saba da karɓar katin sayayya na Amazon ko makamancinsa su sayar wa masu saye a ƙasa da kuɗinsa. Haka na yi, dala tana sama da naira 1,500 a lokacin amma abin da ya shigo min bai kai dubu shida ba. Na Google ɗin nan da ake zuzutawa, Opinion Rewards, a Android kuɗin Play Store yake bayarwa, ba abin da za ka kai wa mai shayi ba ne. Waɗanda na ga sun fi dacewa da mu su ne irin GeoPoll masu turo tambaya ta tes su biya ka da katin waya, kaɗan ne amma ba wahala, sai dai ba kai ke kiransu ba, sai ranar da suka ga dama.

Yanzu ka cire data, wadda ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a Janairun 2025, ka cire caji, ka cire idona da ya fara ruwa. Ranar da na zauna da biro na ga abin da na samu a wata uku Yaya yana samunsa a cajin cirar kuɗi na yini ɗaya in kasuwa ta yi kyau.

Amma abin da ya sa na ja baya ba lissafin ba ne, kuma kai kaɗai nake faɗa wa. Da na gaji da kora sai na fara gyara kaina. Na zama manaja, na yi aure, na sayi mota, har Dubai na je sau biyu a shekara ɗaya. Nan da nan tambayoyi suka ƙaru. Ashe su ma ba barci suke ba, suna cusa tambayar tarko a tsakiya, a ce in kana karantawa zaɓi launin ja, ko su sako sunan kayan da babu shi a duniya su ga ko za ka ce kana amfani da shi, ko su maimaita tambayar da suka yi maka sati biyu baya. Ni dai na manta irin motar da na ce ina hawa. Da safe na tashi an rufe akawun da dala huɗu da 'yan kai a ciki. Yaron cajin ma haka ta faru da shi, shi VPN ya kunna, manhajar ɓoye ƙasar da kake, ya koma ɗan Amurka, kwana uku suka gano shi.

Na kai ƙorafi majalisa da daddare ina zaton za a taya ni zaginsu, sai malamin da ke jan mu sallar isha ya tambaye ni me aka ɗauke ni in yi. Na ce in faɗi ra'ayina. Ya ce to ladan aiki ne, halak ne in ka yi aikin, amma kai ra'ayin wani manaja ka sayar musu wanda Allah bai halitta ba, ya jawo hadisin nan na wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Aka yi ta min dariya, har yau wasu Manaja suke kirana. Na ji kunya sosai mutumina, don ban taɓa kallonsa a matsayin ƙarya ba, gani nake waya ce kawai nake latsawa.

Ka ja wa ƙanin naka kunne kan abu ɗaya, shi ne ya fi ba ni tsoro. Duk manhajar da ta ce ya biya kuɗin rajista, ko ya zuba wani abu don a ɗaga masa matsayi ya riƙa samun manyan tambayoyi, to ba ta cikin waɗanda nake ba ka labari, MMM ce ta canza riga. Ka tuna yadda aka yi kuka a Disambar 2016, ga CBEX ma a Afrilun 2025. Haka duk wadda ta nemi BVN ko NIN ko lambar da banki ke turowa ta tes, ya goge ta nan take, a shagon nan na ga matar da aka share wa akawun da wannan lambar tana kuka a gabana. Masu gaskiyar ma ba a banza suke ba da kuɗi ba, wasu suna son ka bar musu lokeshan a kunne su san inda kake shiga da fita. A 2021 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa wata mai suna Premise, wadda ke biyan mutane su ɗauki hoton wurare, tana da kwangila da sojojin Amurka. An sa hannu a dokar kare bayanai a nan a 2023, amma wa zai bi maka haƙƙinka wurin kamfanin da ko ofis ba shi da shi a ƙasar?

Don haka kar ka sayi waya saboda wannan. Wadda ke hannunsa ta isa, in yana so ya sa manhaja guda ɗaya ya riƙa amsawa da gaskiya lokacin da yake zaman banza, zai samu na kati wani lokacin. In kuɗin na nan ka riga ka ware, akwai wani abokin Yaya mai gyaran waya a Farm Centre yana ɗaukar yara, ka ce in yi masa magana sai in yi.

In za ka ba wani saƙo ka haɗo min da turaren nan irin na bara, ƙaramar kwalba ma ta isa. Ka sa mu a addu'a in ka shiga Makka. Ga wata tambayar ma ta shigo yanzu ina cikin rubutun nan, minti 12 kan man gashi na mata, kuma ga sabis ya dawo mutum uku na tsaye suna jirana.

Naka,
Manaja