Ba kowane yaɗo ne ke hawa sanda ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana masu ɗan lambu a bayan gida, daga Aboabo zuwa Asawase da Sabon Zongo a nan Kumasi. Damina ta kama, kowa na kafa sanduna, amma da yawa ana kafa su ne ba tare da an lura da yadda kowace shuka take hawa ba, kuma asarar da ake yi tana damuna.

Shukar da karanta ba shi da ƙarfin tsayuwa tana da dabarar neman rana. Doya da wake mai hawa da jikinsu suke nannaɗe abin da suka samu. Farar doya, irin su puna, hannu ɗaya take bi: in ka tsaya gaban sandar, za ka ga yaɗon yana tashi daga hagu zuwa dama. In ka naɗa mata ta ɗaya hannun, za ta warware, wani lokaci kan yaɗon ya karye, a yi asarar makonni kafin sabon toho ya fito. A ba ta gora mai tsawon mita 2 ko fiye, a kafa tun yaɗon bai wuce kamu biyu ba, a gefen tsibin ƙasar da aka shuka doyar. Wanda ya jira sai doya ta fara sauka, sandarsa ce za ta huda ta. A nan Kumasi sandar ba ado ba ce, domin hadari yana yawan rufe rana, ganyen da ya kwanta kan juna a ƙasa mai laima kuwa ba ya samun haske, ga cutar ɗigon baƙi. Inda gora ta yi tsada, cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua, kusa da Kumasi, tana koyar da kafa turaku kaɗan a ja igiya tsakaninsu.

Kokwamba, soso, duma da kabewa daban suke. Karansu ba ya naɗewa. Wani siririn zare ne ke fitowa a gaɓa, kusa da ganye, yana lilo har ya taɓa wani abu ya kama. Bayan ya kama sai tsakiyarsa ta murɗe, rabi ta nan rabi ta can, ta jawo shukar kusa, kuma in iska ta kaɗa ta miƙe ta dawo ba ta tsinke ba. Wannan zaren ba ya iya rungumar gora mai kauri, shi ya sa ake ganin kokwamba kwance a gindin sanda, 'ya'yanta na ruɓewa. Abin da take so igiya ce ko raga, kaurinta bai wuce na fensir ba.

Tumatir ba ya hawa ko kaɗan, ɗaure shi ake yi da tsumma, sako-sako.

Sai masu rarrafe. Dankali duk gaɓar da ta taɓa ƙasa mai laima sai ta yi saiwa. Nan amfaninsa yake, domin da yankan yaɗo na santimita 30 ake dasa shi, a binne gaɓa biyu ko uku. Amma in aka bar shi yana kafa saiwa tsakanin kunya, ƙarfin ya rabu, a tono ƙanana marasa kasuwa. A riƙa ɗaga yaɗon a mayar da shi kan kunya tun saiwar ba ta kama ba. Ciyawar kiri-kiri ma haka take yaɗuwa, don haka sare ta da fartanya a bar guntayen a wurin, dasa ta ne aka yi. A tsince su, a shanya a kan siminti har su bushe ƙarau kafin a zuba cikin taki.

Wassalam,
Mai aikin lambu,
Aboabo, Kumasi